Dogo Kafin Jirgi: Zaɓe da Shimfiɗa Layin Ƙaramin Jirgin Ƙasa na Tebur

A Jamus da Ingila da Amurka da Japan akwai wata sha'awa da ta haura shekara ɗari tana cin kuɗin magidanta da lokacinsu: gina ƙaramin jirgin ƙasa a kan tebur, da tashoshinsa da gadojinsa da tsaunukansa, yana tafiya da wutar lantarki. Wanda bai sani ba zai ɗauka wasan yara ne. Amma a birnin Hambag na Jamus akwai wani gidan kallo mai suna Miniatur Wunderland, wanda tagwaye Frederik da Gerrit Braun suka buɗe a 2001, inda tsawon siririn layin da aka shimfiɗa ya zarce kilomita 15, jiragen kuma suna ta kai da kawowa tun safe har dare a gaban 'yan kallo. Jirgi ba ya irin wannan zirga-zirga a kan layin da aka shimfiɗa da ganganci.

Duk wanda ya shiga harkar, kan jirgi ne ke fara sace masa zuciya, da fitilunsa da ƙarar injinsa. Layin kuwa sai a saye shi a ƙarshe da canjin da ya rage. Ni a ganina an juya abin ne. Kan jirgin da bai yi ba, ɗauke shi za a yi a mayar cikin kwali. Layin da aka manne da gam, aka zuba masa tsakuwa, aka gina gari kewaye da shi, ba ya ɗaukuwa sai an yi rushe-rushe. Ga shi kuma aiki uku yake yi a lokaci guda: shi ne hanyar da ƙafafun jirgi ke bi, shi ne wayar da ke kai wa injin wuta, shi ne kuma adon da ido ke fara sauka a kai. Ayyukan nan uku ba kullum suke jituwa ba. Layin da ya fi kama da na gaskiya sau da yawa shi ya fi wuyar sha'ani, wanda ya fi sauƙin haɗawa kuma shi ya fi muni. In sun yi karo, hanya ce gaba, sannan wuta, ado ya zo a baya.

Abu biyu ake yawan cakuɗawa tun daga farko: ma'aunin girma da faɗin layi. Ma'aunin girma shi ne sau nawa aka ƙanƙantar da jirgin gaskiya. Faɗin layi kuwa tazarar da ke tsakanin ƙarafan dogo biyu ce. Kamfanin Märklin na garin Göppingen a Jamus ne ya fara fito da layuka masu tsayayyen faɗi a 1891, ta yadda abin da aka saya bana zai hau wanda aka saya bara. Yau ma'aunin da ya fi yaɗuwa a duniya shi ne HO, inda aka ƙanƙantar da komai sau 87, layin kuma milimita 16.5. Lissafin ya fita daidai, domin faɗin dogon da yawancin ƙasashe ke amfani da shi milimita 1,435 ne, in aka raba da 87 abin da zai bayar ke nan. Ƙasa da shi akwai N mai layin milimita 9, wanda ya samu karɓuwa ƙwarai a Japan inda ɗakuna ba su da yalwa, sai Z mai milimita 6.5 da Märklin ya fitar a 1972. Sama da shi akwai O mai milimita 32, da G mai milimita 45 wanda ake shimfiɗawa a lambu, ruwa ya dake shi rana ta dake shi.

Ingila ce ta fita daban, kuma labarinta na da abin koyi. Jiragen ƙasarta na gaskiya sun fi na Amurka da na sauran Turai ƙanƙanta a jiki, saboda gadoji da ramukan da aka haƙa musu tun ƙarni na 19 matsattsu ne. Da aka zo ƙera ƙananansu a shekarun 1920 da 1930, injin lantarkin wancan zamani ya ƙi shiga cikin jikin da aka rage sau 87. Sai masu ƙira suka ɗan kumbura jikin zuwa ragi sau 76, suka bar layin a milimita 16.5. Wannan shi ne OO, wanda Hornby Dublo ya kafa wa gindi daga 1938, har gobe kuma shi ke mulkin kasuwar ƙasar. Ma'ana, jirgin OO yana tafiya ne a kan layin da ya gaza faɗin da ya kamata da wajen inci bakwai in aka mayar da shi girman gaskiya. Waɗanda abin ya tsaya wa a rai suka ɓalle: wasu suka koma EM mai milimita 18.2, wanda gidan adana kayan tarihi na Pendon kusa da Okusfod ke amfani da shi, masu tsananin ra'ayi kuma suka tafi P4 mai milimita 18.83, wanda shi ne daidai cif. Ladar tsayawa kan daidai ita ce duk kan jirgi da taragon da aka saya sai an canza masa ƙafafu ko an buɗa su, yawancin mararrabu kuma da hannu za a ƙera. Aikinsu abin sha'awa ne. Sai dai dubban mutane sun shekara da shekaru suna jin daɗin OO ba tare da milimita biyun nan sun hana su barci ba, kuma sabon shiga ba shi da dalilin fara wa kansa da wahala.

Wannan lissafi yana da amfani ga wanda zai so ya kwaikwayi dogon gida. Tsohon layin da ya iso Kano a 1911 faɗinsa milimita 1,067 ne, irin na Gana da Sudan da Afirka ta Kudu. A ma'aunin HO wannan ya kama milimita 12 da ɗan ɗoriya, don haka layin milimita 12 da ake sayarwa shi ya dace, ba na 16.5 ba. Wata dabarar ita ce ta mutanen Niyu Zilan, waɗanda dogonsu ma 1,067 ne: suna gina jikin jirgi a ragi sau 64 su ɗora a kan layin HO da ake samu ko'ina, lissafin kuma ya zo kusan daidai. Ɗan ƙaramin dogon da ya taɓa haɗa Zariya da Jos, wanda aka rufe a 1957, milimita 762 ne, kuma layin milimita 9 zai wakilce shi a HO. Sabon layin Abuja zuwa Kaduna da aka buɗe a 2016 ne kaɗai a cikinsu zai hau layin HO yadda yake a kwali.

Bayan ma'auni, sai ɗaki. A nan ne buri ke gamuwa da bango, domin abin da ke cin wuri ba miƙaƙƙen layi ba ne, kwana ce. Ana auna kwana da nisan da ke tsakanin cibiyar da'irarta da tsakiyar layin. Guntayen kwanonin da kamfanonin Hornby da Peco ke sayarwa a OO matakai ne: milimita 371, 438, 505 da 572. Ta farkon, in aka mayar da ita girman gaskiya, wajen mita 28 ce kacal, alhali kwanar babban dogo ana maganar ɗaruruwan mitoci ne. Don haka duk kwanar da ke kan tebur ƙarya ce, tambayar kawai ita ce wace ƙarya ce jirginka zai iya haɗiyewa. Ɗan guntun kan jirgi mai ƙafa huɗu zai zagaye 371 lafiya lau. Dogon kan jirgi na zamani da dogayen taragun fasinja yawanci 438 ce mafi ƙarancin abin da ake rubuta musu a kwali, kuma ko sun wuce, za ka ga tsakiyar taragon ta ratayo cikin kwanar, goshinsa ya leƙa waje, har ya iya gogar wanda ke layin kusa. A Amurka an daɗe ana farawa da katakon filawud guda mai ƙafa huɗu a takwas. Kwana mafi girma da ke shiga cikinsa ita ce ta inci 22, ta bar inci biyu kacal a kowane gefe tsakanin tsakiyar layi da faɗowa ƙasa. Ga shi tebur irin wannan sai an bar masa wurin zagayawa, domin hannu ba ya kai fiye da santimita 60 zuwa 75 ba tare da gwiwar hannu ta rushe wani gini ba. Shi ya sa da yawa daga ƙwararru suka fi son siririn kanta da ke bin bango.

Saboda haka lissafin daga baya ake fara shi. A tambayi kai: wane ne mafi tsawo a cikin abin da zan tuƙa? Shi zai faɗi kwanar da ake buƙata. Kwanar ta faɗi ko ɗakin zai ɗauka. In bai ɗauka ba, ko dai a sauka zuwa N, ko a haƙura da dogayen taragu, ko a haƙura da zagaye gaba ɗaya. Na ƙarshen nan ba asara ba ce yadda ake zato. Akwai wani tsari da Alan Wright ya yi suna da shi a Ingila, Inglenook: layuka uku ne kacal masu ɗaukar taragu biyar da uku da uku, mararraba biyu, taragu takwas, aikin kuma shi ne a jera biyar daga cikinsu bisa tsarin da ƙuri'a ta fitar. Kanta guda ta ishe shi, kuma yana iya cinye wa mutum yamma guda bai sani ba.

Layin da kansa iri huɗu ne a kasuwa. Akwai guntaye masu tsayayyen tsawo da tsayayyar kwana, irin Setrack na Peco. Akwai guntayen da suka zo da gadonsu na roba mai siffar tsakuwa, irin Unitrack na Kato da E-Z Track na Bachmann, waɗanda ake ɗanawa su kama juna, a kwance su in an gama. Ga wanda ke zaman haya, ko wanda zai shimfiɗa a tsakar ɗaki ya naɗe kafin dare, babu kamarsu, kuma na Kato ya yi suna wajen rashin ba da matsala. Aibinsu tsada, da kuma cewa tsarin da kamfani ya yanka shi za a bi. Na uku shi ne layi mai lanƙwasuwa, wanda ke zuwa da tsawon yadi guda, wato milimita 914, a tanƙwara shi yadda ake so a yanke inda ake so. Na huɗu shi ne wanda ake ƙerawa da hannu, ana jera katakan da dogo ke kwanciya a kansu ɗaya bayan ɗaya, aikin masu dogon haƙuri. Ga tebur na dindindin, mai lanƙwasuwa na fi ba wa ƙarfi, ba don kyau kaɗai ba: yadi guda nasa mahaɗi ɗaya ne, alhali guntaye za su ba ka biyar ko shida a wannan tsawon, kuma kowane mahaɗi wuri ne da wuta ke iya yankewa ko ƙafa ta yi tuntuɓe.

Maganar ƙarfen ba ta da tsawo. Baƙin ƙarfe yana tsatsa. Tagulla tana kai wuta da kyau amma dattin da ke hawa kanta ba ya barin wuta ta wuce, kullum sai goga. Abin da kowa ya koma yanzu shi ne wani farin gauraye na jan ƙarfe da nikel da tutiya, wanda ko ya dushe yana ci gaba da aiki. In aka ga tsohon layin tagulla ko na baƙin ƙarfe da araha a gwanjo, a wuce.

Tsayin ƙarfen ne ke buƙatar natsuwa. A jikin kwali za a ga Code 100, ko 83, ko 75. Lambar tana nufin tsayin dogon ne in aka kasa inci gida dubu: 100 shi ne milimita 2.54, 83 wajen 2.1, 75 kuma wajen 1.9. Lamba 100 a HO, in aka mayar da ita girman gaskiya, dogo ne mai tsayin santimita 22, alhali ƙaton dogon da manyan layukan Turai ke amfani da shi bai wuce santimita 17 da 'yan kai ba. Don haka 83 ta fi kama da dogon Amurka, 75 kuma ta fi kama da tsohon dogon Ingila. To amma ƙafar jirgi tana da leɓe a gefen ciki, wanda shi ke riƙe ta a kan layi, kuma tsofaffin jiragen kamfanonin Tri-ang da Lima leɓensu zurfi gare shi. Ɗora irinsu a kan 75, za ka ji suna ƙwanƙwasar 'yan maɗauran da ke riƙe dogon, kaf-kaf-kaf, tarago na tsalle. Ƙungiyar masu wannan sha'awa ta Amurka, NMRA, wadda aka kafa a 1935, ta fitar da siffar ƙafa mai gajeren leɓe da ake kira RP-25, takwararta ta Turai MOROP kuma tana da nata ƙa'idojin na NEM. Sabbin jirage yawanci ba su da matsala. Wanda ya gaji tsofaffi ko yake saye a gwanjo, ya tsaya kan 100, ya shafa wa gefen dogon fenti mai launin tsatsa. Fentin nan yana rage masa girma a ido fiye da yadda ake tsammani. A N, Peco ya yi wata dabara: dogonsa mai lamba 55 a zahiri dogo ne mai tsayi da aka binne gindinsa cikin robar katakan, ido ya ga siriri, ƙarfinsa kuma na nan.

Yanzu sai mararraba, inda layi ɗaya ke rabuwa biyu. Mafi yawan faɗuwar jirgi da tsayawarsa a nan suke faruwa, a nan kuma kuɗi ke tafiya. Amurkawa suna ba su lamba: mai lamba 4 tana kaucewa taku ɗaya a kowane taku huɗu, mai lamba 6 ɗaya a shida, mai lamba 8 ɗaya a takwas. Ƙaramar lamba tana tanadin wuri amma tana fizgar jirgi, babba tana cin tsawo amma jirgi na ratsa ta salin-alin. A kayan Peco na OO, mararrabar Setrack tana kaucewa da digiri 22.5, ta Streamline kuma da digiri 12, tazarar da suke bari tsakanin layuka biyu ma ba ɗaya ba ce, don haka gauraya su sai da lissafi. Shawarata ita ce a sa dogaye a babban layi inda fasinja ke wucewa, a bar gajeru a filin jera taragun kaya.

A tsakiyar kowace mararraba akwai wani hanci mai tsini inda dogon hagu na wannan reshe ke ƙetare dogon dama na wancan. Tunda ɗaya na ɗauke da wutar zuwa ɗaya na dawowa, in suka taɓa juna wuta ta haɗu, komai ya tsaya. Hanya mafi sauƙi ita ce a yi hancin da roba, kamar Insulfrog na Peco: a dasa kawai a ci gaba. Amma ɗan guntun kan jirgi mai tafiya a hankali, da ƙafarsa ɗaya ta hau robar, ɗayar kuma ta taka ɗan datti, sai ya mutu a wurin, sai an tura shi da yatsa. Babu abin da ke kashe daɗin kallo kamar ƙaton yatsa ya sauko daga sama. Hanya ta biyu ita ce hancin ƙarfe, Electrofrog, wanda ke ɗauke da wuta koyaushe, sai dai dole a sa mahaɗan roba a doguna biyun da suka fito daga hancin, kuma ya fi kyau a ba shi ɗan makunni da zai juya masa wuta duk lokacin da aka juya mararrabar, maimakon a dogara da taɓawar harsunanta masu motsi da ke saurin yin datti. Daga baya kamfanin ya kawo Unifrog, mai hancin ƙarfe da aka keɓe, wanda za a iya bari haka ko a ja masa waya. Wanda jiragensa dogaye ne masu ɗaukar wuta ta ƙafafu takwas zai zauna lafiya da roba. Wanda ke son jera taragu a hankali da ƙaramin kai, ya daure ya koyi jan wayar. Waya uku ce, ba karatun injiniya ba.

Duk wannan zaɓe ne. Shimfiɗawa ita ce ke raba layin da zai yi shekara ashirin da wanda zai sa mutum ya tattara kayan ya kai sito. Farko gado: filawud mai kaurin milimita 9 zuwa 12 a kan firam mai ƙarfi, shafaffe sumul, musamman inda katako biyu suka haɗu. A kansa a shimfiɗa ɓawon itacen nan da ake toshe kwalba da shi, ko siririn soso mai tauri, don rage ƙara da ɗaga layin kaɗan. A zana tsakiyar layin da fensir tukuna. Kwana kuma ana zana ta ne da doguwar sanda mai ƙusa a kai ɗaya, fensir a ɗayan. A fara dasa mararrabu, domin su ba sa lanƙwasuwa ba sa miƙewa, sauran layin ne zai zo ya same su. Kafin a manne kowace, a huda ramin da sandar injin juya ta za ta biyo daga ƙasa, domin hudawa daga baya ɓarna ce.

Ga yadda ake kwana da layi mai lanƙwasuwa. In mahaɗi zai faɗo a tsakiyar kwanar, a haɗa yadi biyun tun suna miƙe, a cire katako ɗaya ko biyu a bakin kowanne, a zura 'yan kwanson haɗin, a like su da dalma ta gefen waje, sannan a tanƙwara su tare kamar abu ɗaya. In ba haka ba, ƙarfen zai nemi miƙewa a daidai mahaɗin ya yi gwiwa, kuma gwiwar da ido ba ya gani daga sama ƙafar jirgi za ta same ta. Da an tanƙwara, dogon ciki zai fito ya fi na waje tsawo. A yanke rarar da almakashin dogo, a bi bakin da ƙaramin zarto mai laushi har sai yatsa ya wuce bai ji kaifi ba. Katakan da aka cire a fere musu maɗaurai a zura su ƙarƙashin mahaɗin don cike giɓin. Sannan a sunkuya, a sa ido daidai da saman dogon, a hango tsawonsa. Daga nan ne duk wata gwiwa da tudu ke bayyana. Ƙaramin madubi da aka ɗora a kan layin yana nuna inda kai ba zai iya shiga ba. In da ƙusa ake kafewa, kada a buga ta har ta danne katakon, domin tana lotsa shi ta jawo dogunan biyu su matso, faɗin ya ragu. Siririn gam ya fi, a danne da littattafai masu nauyi ya kwana.

Akwai tarko biyu da takarda ba ta nunawa. Na farko, kwanar hagu da ta faɗa kai tsaye cikin kwanar dama: goshin tarago ɗaya na kallon gabas na bayansa na kallon yamma, maƙalar da ke tsakaninsu ta fizge ɗaya daga kan layi. Maganinsa a sa miƙaƙƙen layi a tsakani wanda ya kai tsawon tarago mafi tsawo. Haka nan shiga kwana daga miƙaƙƙe, gara a fara ta a buɗe ta riƙa tsukewa sannu a hankali, yadda injiniyoyin dogon gaskiya ke yi, kuma layi mai lanƙwasuwa da kansa yake neman yin hakan in aka ƙyale shi. Na biyu, hawa. Santimita 2 a kowace mita shi ne abin da yawancin jirage ke ja ba tare da kuka ba, 3 kuma an fara matsa musu. Don layi ya haye wani a HO ana buƙatar tsayin wajen santimita 8, wato mita huɗu na hawa, wasu huɗun na sauka. Hawa a cikin kwana ya fi haka nauyi. Gindin hawan da ƙarshensa kuma dole su zo a lallaɓe, ba a karye ba.

Wuta kuma kada a bar wa 'yan kwanson haɗi amanarta. Ranar farko suna kamawa gam, bayan shekara sun saki, fenti da gam sun shige su. Farin ƙarfen dogon ma bai kai jan ƙarfe iya kai wuta nesa ba. Abin da ake yi shi ne a ja kauraran wayoyi biyu a ƙarƙashin tebur su bi layin, daga kowane yanki na dogo kuma a sauko da siririyar waya a like. Wannan ya ƙara zama dole da zuwan tsarin DCC, wanda ya samo asali daga kamfanin Lenz na Jamus, NMRA kuma ta mayar da shi ƙa'ida a shekarun 1990. A tsohon tsari ƙarfin wutar layi ake ƙarawa ko ragewa, daga sifili zuwa bolt 12. A DCC wuta na kan layi koyaushe, umarni ga kowane jirgi kuma a cikinta yake tafiya, don haka mahaɗi mai rauni yana ɓatar da saƙo, yana kuma iya hana na'urar gane cewa wuta ta haɗu ta yanke. Wani abin lura: duk tsarin da zai sa jirgi ya zagayo ya dawo kan layin da ya fito yana fuskantar baya, to dogon hagu ya gamu da na dama ke nan. Sai an yanke dogunan biyu a ƙarshen zagayen duka biyu an sa na'urar juya wuta. Märklin ya kauce wa wannan a HO ta hanyar jera 'yan ƙusoshin wuta a tsakiyar layi, dogunan biyu kuma suka zama abu ɗaya, sai dai wanda ya shiga wannan gida jiragen da aka yi domin sa kaɗai zai riƙa saye.

Kada kuma a like kowane mahaɗi da dalma. Ƙarfen yana miƙewa da zafi, wajen sulusin milimita a kowace mita in zafi ya ƙaru da digiri 20. Wannan kaɗan ne. Babban mai motsi shi ne katakon da ke ƙasa, wanda ke kumbura da laima ya tsuke da bushewa. Masu ajiye tebur a ɗakin saman rufi a Ingila sun san wannan, wanda kuma zai gina a Kano ko Zinder sai ya fi su kiyayewa: ƙofar katakon da ke cijewa a watan Agusta ta riƙa rawa cikin firam ɗinta da hunturu, abin da zai sami tebur ɗin ke nan. Layin da aka shimfiɗa da damina ba a bar masa sarari ba, in katako ya tsuke sai ya bauɗe gefe. A shafe katakon da fenti ko banish ciki da waje kafin a fara, a miƙaƙƙun wurare kuma a bar giɓi mai kaurin katin waya a mahaɗai.

Tsakuwa ita ce ta ƙarshe, kuma kada a yi gaggawarta. A tuƙa kowane jirgi a kan layin tsirara na makonni, gaba da baya, a ja taragu a kuma tura su, domin turawa ce ke tona asirin mararraba. Tarago ɗaya da ke faɗuwa a ko'ina, ƙafarsa za a auna. A OO tazarar bayan ƙafa zuwa bayan ƙafa wajen milimita 14.5 ce. Taragu dabam-dabam da ke faɗuwa a wuri ɗaya kuwa, laifin layi ne. Sai an gama da wannan a yi fenti, a zuba tsakuwar a bushe, a share ta da buroshi mai laushi har ta kwanta tsakanin katakan ba ta hau kansu ba, a ƙwanƙwasa dogon da cokali don ƙwayoyin da suka maƙale su sauka. A fesa mata ruwa mai ɗigon sabulun wanke kwano ta jiƙe, sannan a ɗiga farin gam ɗin kafinta da aka sirka rabi da rabi da ruwa. In aka ɗiga gam a kan busasshiya, dunƙulewa za ta yi ta taso. A zaɓi ƙwayar da ta fi ƙanƙanta da abin da ido ke so. Masu HO da yawa da tsakuwar N suke aiki. Kusa da harsunan mararraba a rage hannu ƙwarai, a riƙa motsa su lokaci-lokaci har gam ɗin ya bushe. In ya bushe, a goge saman dogon da ƙyalle da ɗan sipirit. Takardar yashi kuwa kada ta kusance shi, domin ƙujewar da take bari ita ce ƙura za ta riƙa zama a ciki.